Buhun Yashin da ke Ƙofar Shagona

Kaka ce, ruwa ya fara ɗaukewa amma bai gama sallama ba, gero ya sunkuyar da kai a gonakin bayan Kumbotso. Shekarar kuwa ba ta yi wa kowa daɗi a Sharada ba. Kamfanin tamfol ɗin da na yi shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a ciki ya rage aiki daga kwana shida zuwa uku, daga uku zuwa "za mu neme ku". Ba wuta, mai ya fi ƙarfin janareto, ga tamfol na waje ya cika kasuwa. Titin da a da in an tashi aiki ba ka samun wurin sa ƙafa, sai ga awaki kwance a tsakiyarsa. Abin da na fito da shi tsohon keken ɗinki ne na masana'anta da aka ba ni a madadin sallama, da tarin ragowar tamfol da ba mai so.

Ku 'yan matan da ke koyo a wurina nake yi wa wannan rubutu. Ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya, wai Iya ta tsufa ta fara mugunta, mutum ya gama ɗinka jakar goyo tsaf, a ce sai ya zuba mata yashi ya goya ya kai shataletale ya dawo. Wai ai jaka jaka ce, yadi ne da hannu biyu da zif. To ku zauna ku ji inda buhun nan ya samo asali.

Aikina na farko a kamfani ba ɗinki ba ne. Wata uku Malam Tanko, shugaban sashenmu, bai bar ni na taɓa keke ba. Ninke bakin tamfol nake yi, in goga wa zare kakin zuma, in buga ƙawanyar ƙarfe da guduma inda igiya za ta shiga. Dokarsa uku ce, kuma har a barci ina iya karanta su: ninki uku, ɗinki biyu, tudun ɗinki ya kalli ciki. Wato inda aka haɗa yadi biyu ya yi tudu, a juya shi ya kwanta ta ɓangaren kaya, don ruwa ya zame ta sama bai sami inda zai tsaya ba. In ka gama, sai ya kira ƙarti biyu su kama nan da can su ja. In zare ɗaya ya yi ƙara, ka warware. Masu sayenmu direbobin manyan motoci ne, su kuwa ba sa duba ɗinki, ɗagawa suke yi. In direba ya ɗaga ya yi nishi, sai ya ce, "Yauwa, wannan shi ne kaya." A haka na tashi. A wurina nauyi shi ne kyau.

Da aka sallame mu na kafa keken a zauren gidan da muke haya. Wata huɗu ba abin da na ɗinka sai facin rumfar Keke Napep. Maigidana, Malam Idi, direban bas ne, mutum ne mai haƙuri, amma ya faɗa min gaskiya: in aka kai ƙarshen kaka a haka, za a sayar da keken, ni da yara mu koma ƙauyenmu wajen Ringim. Har mai saye ya zo ya murza shi ya ji ƙararsa, ya ce zai dawo.

Ana cikin haka Ladi ta zo. Ladi 'yar Filato ce, kekenta na kusa da nawa a kamfani shekara da shekaru, ita ke kawo min acca in ta je gida, ni in kai mata naman Sallah. Ta zo da yayanta, Oga Bitrus, makanikin injuna a Bompai. Ashe suna da ƙungiya ta ma'aikata, Musulmi da Kirista, duk shekara sai su ɗauki hutu su tafi yawon ƙafa cikin duwatsun ƙasarsu. Ƙanena Haruna, da ke aikin jima a Challawa, yana cikinsu, ni ce dai ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Bana wani kwazazzabo za su ratsa, kwana uku a ciki, a fita rana ta huɗu ta wani ƙauye daban. Suna son jakar goyo tara da tanti uku.

Oga Bitrus ya dubi zauren, ya dubi keken, ya ce, "Mama, kin taɓa ɗinka jakar tafiya?"

Kafin in buɗe baki Ladi ta ce, "Yaya, matar da ta rufe tirela ce jaka za ta gagara? In ɗinkinta ya ɓalle, ni ka kama."

Sati biyu na yi a kansu. Na zaɓi tamfol mafi kauri. Ninki uku, ɗinki biyu. Hannayen jakar na naɗe su na bi da ɗinki har sau huɗu, na juya tudun ciki yadda aka koya min. Tantunan na yi musu baki mai faɗin yatsa huɗu, kowane kamu da ƙawanyar ƙarfe. Na kira maƙwabta biyu suka ja, ko ƙis. Na ce a raina Malam Tanko da ya gani da ya yi murmushi.

Ranar karɓa Oga Bitrus ya ɗaga tanti ɗaya ya yi nishi. Ni na ɗauka yabo ne. Ya ajiye, sannan ya ce mace ɗaya ta fasa tafiya, jaka ɗaya ba mai ɗauka. "Mama, a gareji in na gyara inji, ni nake fara tayar da shi. Ki zo ki ɗauki taki."

Haruna ya fashe da dariya. "Yaya? Yayar da ko Kantin Kwari sai ta hau Napep?"

Malam Idi ne ya raba gardama. Dama bas ɗinsa suka ɗauka shata. Ya ce tunda ga Haruna ga Ladi, in je, shi zai sauke mu a bakin dutse ya zagaya ya jira mu a ƙauyen fita. Na bar yara wurin babbarsu Sadiya, na ƙulle basilla biyu, da zare, da kaki, da reza, da almakashi a cikin leda. Ban san me ya sa na ɗauke su ba, hannu ne ya saba.

Saukar farko ita ce ta fara koya min karatu. Wani dattijo maharbi daga ƙauyen bakin dutse ya shige gaba, muka bi shi ɗaya bayan ɗaya ta wata hanya da ko akuya sai ta yi tunani. A wasu wurare sai an zauna a zame. Da muka isa ƙasa na ɗaga kai, dutse ta dama, dutse ta hagu, sama ta zama kamar tsagin zane. Ga ƙorama tana gudu a tsakiya, ruwan sanyi har cikin haƙori. Waya ta mutu murus, ba sabis. Rana ba ta leƙo mu sai wajen hantsi, kafin la'asar ta tafi. In za mu yi salla Oga Bitrus ne ke fito da wani ɗan agogon gane gabas ya nuna mana alƙibla, su kuma su ja gefe su yi tasu addu'ar.

Ba mu yi awa guda ba na ji jakar tana ja na baya, kafaɗuna suna zafi. Ban yi wani tunani ba. 'Ya'ya shida na goya. Na sunkuya, na girgiza ta ta hau sama, na zaro zanen da na ɗauko na canji, na ninke shi kamar majanyi na tallafo gindin jakar na ɗaure a ƙugu. Shi ke nan, na ci gaba da tafiya. Haruna ya ce, "Yaya, Allah ya raya, wa aka sa wa suna?" Aka yi dariya aka wuce.

Ranar nan kowa ya yi shiru da wuri. Na ga maza suna sa babban yatsa a ƙarƙashin hannun jaka suna ɗagawa, na ce gajiya ce. Muka kafa tantuna kan wani yashi kafin magariba, aka dafa shinkafa da ƙuli-ƙuli, aka kwanta.

Rana ta biyu da azahar muka tsaya shan gari. Ladi ta sauke jakarta a hankali, kamar mai sauke tukunyar da ta tafasa. Farar riga ce a jikinta. A kan kowace kafaɗa na ga layi ja, ya jiƙe har ya manne.

Na ce, "Ladi, mene ne wannan?"

"Ƙaya ce ta karce ni."

"Ƙaya biyu, tsawo ɗaya, wuri ɗaya? Zo nan."

Muka zaga bayan dutse na ɗaga rigar. Fata ta saluɓe, faɗin tudun ɗinkina daidai, kamar da alli aka zana. Tun jiya take ɗauke da shi.

"Me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Maman Sadiya, ni na kawo ki. In na yi kuka, wa zai yi shiru?"

Da muka fito na ce kowa ya nuna min kafaɗarsa. Ba wanda ya tsira. Wani ja, wani ƙuruje, Haruna mai bakin tsiya har ya cusa safa a ƙarƙashin nasa bai faɗa wa kowa ba. Na ɗauki jaka ɗaya na shafa hannunta ta ciki. Ɗinkin yana nan daram, zare ko ɗaya bai motsa ba. Abin da aka koya min na yi, tudu ya kalli ciki. Sai dai cikin tamfol buhun siminti ne, cikin jaka kuwa mutum ne.

Oga Bitrus bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce komawa ba ta yiwuwa, ba mai iya hawa inda muka sauko da kaya a baya, kuma mota tana can gaba, kwana biyu tsakaninmu. Ladi ba za ta ƙara ɗaukar komai a kafaɗa ba. Shawararsa a bar tanti biyu da jaka uku a nan ƙarƙashin dutse, a rage abinci, a lallaɓa a fita. Dattijon maharbi ya dubi tsagin saman nan ya ce shi dai ba zai bar tanti ba, don iskar da yake ji tana ɗauke da ruwa.

Sai Oga Bitrus ya juyo. "Ke fa, Mama? Kowa yana ɗingishin kafaɗa ban da ke. Taki daban kika ɗinka?"

Nan wasu suka kalle ni, irin kallon da ba na so. Na kwance zanen na miƙa masa jakar, na ce iri ɗaya ce. Sai a lokacin na dubi zanen da ke hannuna da idon mai ɗinki. Ba uwar da ke rataye ɗa a kafaɗa. Ƙugu ke ɗauka, kafaɗa riƙewa kawai take yi kada ya faɗi baya. Abin da na sani tun ina shekara goma ina goyon ƙannena, amma da na zauna gaban keke sai na bar shi a waje.

Na ce, "Oga, a ba ni zuwa la'asar. Kada a zubar da komai."

"Da wane yadi?"

Na nuna tantunan.

Ku da kuke ganin yanka abu ne mai sauƙi, ku jira ranar da za ku sa almakashi a aikin da kuka fi alfahari da shi. Na shimfiɗa tantin farko kan falalen dutse, na bi bakin nan mai ninki uku na zagaye shi da yanka, har da ƙawanyoyinsa. Abin da na yanke ya zama ɗamara, mai faɗin yatsa huɗu, mai ƙarfi, ga ƙawanya a shirye inda igiya za ta shiga a ɗaure. Tanti uku suka ba ni tara har da saura. Kowa na ba shi aiki. Mata suka warware hannayen jaka da reza, muka juya su tudu ya kalli waje. Haruna na huda tamfol da ƙusa, ni da wani matashi mai aikin takalma muna bi da basilla. Silifas ɗin wanka guda uku muka yanka muka naɗe da tsumma muka cusa inda kafaɗa ke zama. Basilla ɗaya ta karye a jaka ta biyar. Yatsana na tsakiya har yau bai daina tuna ranar ba.

Muna gama ta bakwai iska ta juya. Dattijon ya miƙe ya ce a kwashe komai a hau wani dandali da ke sama da kanmu, yanzu-yanzu. Wani ya ce ai ko ɗigo bai sauka ba. Ya ce, "Ba na nan nake tsoro ba, na can sama ne." Muka hau. Aka zo kafa tanti, ba ƙawanya ko ɗaya, duk na mayar da su ɗamara. Na tsaya riƙe da igiya ban san inda zan sa ta ba. Dattijon ya tsinci tsakuwa kamar ƙwan zabo, ya tura ta cikin yadin ta baya, ya shaƙe wuyanta da igiya, ya ja. Ta riƙe. Shekara goma sha ɗaya ina buga ƙarfe, ga abin da tsakuwa ke yi a kyauta.

Ruwan ya sauko kafin mu gama ɗaure na uku. Ba a jima ba muka ji ƙara kamar tirela goma sun taso tare. Ƙoramar da muka yi alwala a ciki ta zama ja, ta haɗiye falalen da na yi yanka a kai, ta haɗiye dutsen da aka ce a ɓoye tantuna a ƙarƙashinsa. Tantunan sun riƙe, sai kusurwa ɗaya da ta yi ta ɗiga a kan Haruna, kuma shi ya yanka wurin a karkace da ya karɓi almakashi wai zai taya ni. Jaka biyun da suka rage na ƙarasa su da safe kafin ruwa ya janye.

Safiyar rana ta uku na jera maza biyar ina koya musu goyo.

"Oga, sunkuya. Ƙara. To girgiza ta ta hau. A'a, ba tsalle na ce ba."

Ladi tana zaune tana shafa man kaɗanya tana dariya har da hawaye. "Yaya, yau da matarka ta gan ka! 'Ya'ya huɗu, ko ɗaya bai taɓa hawa bayanka ba."

"Rufe min baki. Mama, a ina ake ɗaurewa?"

"Kan ƙashin ƙugu, ba kan tumbi ba. Ja. In ka iya sa hannu a ƙarƙashin na kafaɗa, ta zauna."

Ya miƙe, ya taka uku, ya tsaya. Ya waiwaya kamar mai neman wanda ya rage masa kaya. Sai ya ce a tafi.

Ta Ladi na cire mata hannayen gaba ɗaya, na yi mata ɗamara biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a ƙirji, goyo sosai, ba abin da ya taɓa ciwon. An so a raba kayanta ta ƙi, rabi kawai ta yarda aka ɗauka. Hanyar ranar ta fi ta kullum wuya. Santsi ko'ina, akwai inda duwatsu suka matse sai a gicciye ake wucewa, akwai inda muka shiga ruwa har ƙirji da jaka a ka. Na faɗi sau biyu. Amma ba wanda ya ƙara sa yatsa a ƙarƙashin hannun jaka, kuma ni abin da nake kallo ke nan, ba tsuntsayen da suke ta nuna min ba.

Rana ta huɗu da hantsi duwatsun suka buɗe, muka ga gonar acca da hayaƙi, da bas ɗin Malam Idi a gindin mangwaro. Ya dube ni daga sama har ƙasa, takalmi ɗaya ɗaure da zaren ɗinki, ya ce, "Sannu, Hajara. Kin dawo da ƙafafunki duka?" Na ce duka.

A hanyar Kano ba wanda ya yi zancen jaka. Na riga na sallama, na ce mutumin da ƙanwarsa ta zubar da jini saboda ɗinkina ba zai sake taka zaurena ba. Da muka iso Sharada bayan la'asar, sai na ga Oga Bitrus yana zazzage jakunkunan yana tara su a ƙofar gidanmu, duk tara, da tantunan.

Ya ce, "Mama, waɗannan ba su yi ba."

Na ce, "Na sani, Oga."

"Ki mayar da su kan keke, ki yi musu abin da kika yi da hannu a can, amma da kyau. Ki nemo yadi mara nauyi. Bayan Kirsimeti akwai wata tafiya, mu ashirin ne, har da mutanen Challawa." Ya juya zai shiga mota, ya ƙara da cewa, "Kuma kada ki ba ni wadda ba ki ɗauka ba."

Ladi ta leƙo ta taga ta ce, "Na faɗa maka in ya ɓalle ka kama ni. Ya ɓalle?" Tabon nan biyu suna kafaɗunta har yau, in ta zo shagon nan ku gaishe ta da kyau.

Washegari bayan na idar da sallar asuba na share zaure, na ɗebo yashi a inda maƙwabcinmu ke gini na cika buhu. Ina cusa shi cikin jakar da ta fi kowace kyan gyara, sai ga mai sayen keke ya yi sallama, har da Napep ɗin da zai ɗauka. Malam Idi ya dube ni. Na ce a ba shi haƙuri, keken yana da aiki. Na sunkuya na goya, na ɗaure a ƙugu, na sa alli a bakin zane na kama titi. Masu shayi suna kallona, wani ya ce ko ƙaura ake yi. Na wuce kamfaninmu a rufe, na kai shataletale. A hanyar dawowa, daidai wurin masu faci, na ji wani abu ƙanƙane yana cizon kafaɗata ta hagu. Na tsaya na laluba, ƙullin zare ne bai kai ƙwayar gero ba. Na zana masa alli, na dawo gida na ɗauki reza.